Kwaɓi Na Uku

"Na ce ba zan ba shi ba! Mutumin da ya kashe mini tanderu da rana tsaka, shi zan ɗauki 'yata in ba? Sai dai in bayan raina."

Auta tana bakin ƙofar falo da tiren shayi a hannu maganar ta same ta. Sai da kofunan suka yi ƙara. Baba ya gan ta sarai, amma bai sassauta murya ba, don dama ita ake so ta ji.

Gwaggo, yayar Baba, tana hakimce a doguwar kujera tana gyaɗa kai. Tun da aka fara rigimar nan ta tare a gidan, wai ta zo duba jikin ƙaninta, alhali ƙanin ya warke har ya fi ta ƙarfin murya.

"Ai tun farko na faɗa maka," in ji ta. "Yaron nan sanyin jiki gare shi. Wanda ya ga aiki ya rage, gobe cefanen gida zai rage. Ga Mai Fulawa nan, yaro ɗan mutunci, yana ta sintiri a kanta, an ƙi a dube shi."

Auta ta ajiye tiren ta durƙusa, idonta ya cika da ƙwalla.

"Baba, don girman Allah ka saurare shi ko sau ɗaya. Wallahi ba lalaci ba ne. Shi ke fara zuwa, shi ne ƙarshen tashi."

"Ya zo da wuri ya yi me? Ya kashe wuta?"

"Cewa ya yi kwaɓi na uku..."

"Rufe mini baki! Tun ba a haife ki ba nake kwaɓi uku a gidan burodin nan. Na safe, na hantsi, na rana. Da hayaƙina mutanen unguwa ke sanin lokaci. Na kwanta jinya, na ba shi amana, na tashi na tarar da ma'aikata suna wanke gwangwanayen burodi da rana, tanderu ya yi sanyi har kyanwa na barci a bakinsa. Kyanwa, Auta!"

Wannan kyanwar ta tsaya wa Baba a rai fiye da komai. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarinta.

Manaja dai saurayi ne da Baba ya ɗauka aiki lokacin da hawan jini ya fara yi masa barazana. Ya yi karatun tattalin arziki, ba shi da hayaniya, ga kunya kamar me. Auta ce ke zama a kantar shago tana sayar da burodi, shi kuma ofishinsa na bayan kantar. A haka dai har abin da ke faruwa ya faru. Baba ma ya so abin da farko, har ya fara kiransa "ɗana". Yanzu kuwa ko sunan aikinsa ba ya son ji.

"Ƙarshen wata ya ba ni makullina," in ji Baba. "Gobe kuma ni da kaina zan hura wutar, ni zan shiga mota in raba, in ga wanda zai ce burodina ba ya sayuwa."

Auta ta tashi da gudu ta shige ɗaki. Kukan da ta yi ranar, har Mama sai da ta taya ta.

Washegari da hantsi ta sami Manaja a sito yana duba buhunan sukari, kamar ba shi aka sallama ba. Wannan natsuwar tasa ita ta fara burge ta, yau kuwa ji take kamar ta shaƙe shi.

"Ka ji abin da Baba ya yanke?"

"Na ji."

"Ka ji, kuma kana nan kana shafa buhu? Ka je ka ba shi haƙuri. Ka ce kuskure ka yi, burodinsa na sayuwa, a wuce wurin."

"Ban taɓa cewa ba ya sayuwa ba, Auta. Cewa na yi na ukun ba ya biyan kansa."

"Mene ne bambancin?"

Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Kwaɓin safe, kafin ya huce an kwashe, a kan farashinsa. Na hantsi ma yana fita, abin da yake kawowa ya fi abin da yake ci. Na ukun kuwa sai an sake hura itace, inji ya sha mai, a biya ma'aikata obataim, kuɗin ƙarin lokaci. Na kusa duk sun ƙoshi da na safe, dole mota ta nausa can bayan gari, a karya farashi, sannan a yi kwantai. Kuɗin kuma duk a aljihun tebur ɗaya Baba ke zubawa, sai na safe ya rufa wa na rana asiri. Da yamma ya buɗe ya ga riba ya gode wa Allah. Bai san cewa da babu na ukun, da ribar ta fi haka ba."

Maganar ta shige Auta, ba ta so ta nuna ba.

"Haka ka yi masa bayani?"

Manaja ya sosa ƙeya.

"Na zana masa layi biyu a takarda, na kuɗin da ake kashewa da na wanda ke shigowa. Na nuna masa inda suka haɗu."

"Layi biyu! Mutumin da ke gane zafin tanderu da bayan hannunsa, shi ka zana wa layi biyu? Kuma ka kashe masa wuta ba ka tambaye shi ba?"

"Likita ya ce kar a ta da masa hankali."

"Ai ga shi nan ya kwanta, ka gani."

Ya sunkuyar da kai.

"Wannan laifina ne, kuma zan durƙusa in ba shi haƙuri a kansa. Amma ba zan iya ce masa kwaɓi na uku alheri ne ba. In na faɗi haka don a ba ni ke, to na ci amanarsa tun kafin in zama surukinsa."

Hawaye suka zubo mata.

"To ni fa? Ka yi tunanina? Gwaggo ta riga ta gama ɗinka mini rayuwa da Mai Fulawa. Ni ba wanda zai yi mini dole, na sani, amma ba zan auri wanda Baba bai sa wa albarka ba. Kai ka riƙe gaskiyarka, shi ya riƙe tanderunsa, ni ce a tsakiya kuna ja."

"Auta, wallahi in na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba."

"Amma ba za ka janye ba."

Idonsa ya yi ja, ya juya yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi.

Ƙamshin turare ne ya fara sanar da zuwan Mai Fulawa, kamar kullum. Ɗan dillalin da ke kawo musu fulawa ne, kuma shi ya fara kai wa Baba labarin tanderu, don odar buhunansa ta ragu. Yau da kansa ya rako kaya, yana zubewa gaban Baba yana faɗin, "Allah ya ƙara lafiya, Baba, ai gida ya dawo daidai." Ya juyo ya yi wa Auta murmushi mai nuna duka haƙora. Ta ɗauke kai.

Baba ya cika alkawari. Ya naɗe hannun riga, ya hura wuta da kansa, hayaƙi ya turnuƙe sama yana kallonsa da alfahari. Da burodi ya fito aka zuba a leda, aka cika mota har baki.

Mama ta turo Auta da gorar ruwa da maganin hawan jini.

"Bi shi. In ya faɗi a hanya ba Gwaggonki ce za ta yi jinya ba."

Haka ta shiga gaba, tsakanin Baba da Direba.

Tsayawar farko a bakin tasha ce, wurin masu shayi. Suna ganin motar suka yo caa.

"Maigida da kansa! Kwana biyu kun bar mu da burodin safe, in yamma ta yi ya bushe, masu sayen shayi sai mita."

Suka ɗiba, suka biya ba ciniki. Mai kantin bakin asibiti ma haka. Baba ya dawo mota yana huci kamar ya ci dambe.

"Kin gani? Ki je ki gaya wa mai layi biyu."

Auta ta jingina kai tana kallon titi, a zuciyarta tana cewa shi ke nan, ta rasa shi.

Amma motar ko kwata ba ta ragu ba.

Kanti na gaba, mai shi ya nuna musu kanta: na safe na nan jere bai ƙare ba. Na gabansa ya ce zai karɓa, amma sai an ɗauke wanda ya kwana. Wani ya taya da farashin da ya sa Baba ya ce, "Kai, burodi ne fa, ba dusa ba!" Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce akwai gidan burodi a bayan layinsu. Direba ya raɗa wa Baba cewa haka ake ba shi kullum. Aka ba shi.

Suka bar kwalta suka hau hanya mai ramuka. Suka tsaya gidan mai, Baba ya zura hannu a aljihu ya biya yana ƙunƙuni. Suka ci gaba. Duk inda aka sauke sabo kaɗan, sai a ɗora tsoho. Surutun Baba ya yi ta raguwa har ya ƙare. Auta ta miƙa masa ruwa da magani, ya sha bai yi musu ba, abin da bai taɓa yi ba.

Da rana ta yi sanyi Direba ya karya kan mota ya shiga wani lungu.

"Ina kuma za mu? Ba hanyar gida ba ce nan," in ji Baba.

Direba ya yi ta inda-inda.

"Maigida, ai kai ka kafa doka tun da daɗewa. Ka ce kar ka kuskura ka ga kwantai ya shigo maka ƙofa, wai yana kashe zuciyar ma'aikata. To nan muke sauke shi kafin mu koma."

Gidan kiwon kifi ne. Manyan tankuna a jere, ruwa kore shar, ga ƙarni. Mai gidan ya fito da fara'arsa, da ya ji wanda ya zo kuwa har da riƙe hannun Baba da hannu biyu.

"Ashe kai ne mai burodin! Allah ya saka da alheri. Wallahi kifina ba su da abinci kamar naka, ga araha kamar kyauta. Kwanakin nan da kuka daina kawowa da yawa har sun rame."

Ya farke leda mai ɗauke da tambarin gidan Baba, ya gutsuttsura burodin, ya watsa a tanki. Ruwan ya yamutse, bakuna suka yi ta buɗewa.

Baba ya sunkuya ya ɗauki guda daga cikin tulin. Ya matsa shi da yatsa. Da sauran laushinsa, har da ɗan ɗumi a tsakiya. Shi ya hura masa wuta ɗazu.

Tausayinsa ya kama Auta har ta manta da nata damuwar. Ta matso ta riƙe masa gefen riga kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Baba, mu tafi gida."

"Tun yaushe?" ya tambayi Direba, bai ɗago ba.

"An daɗe, Maigida. Tun da gidajen burodi suka yi yawa a bayan gari."

Suka kama hanyar gida.

A ƙofar gidan burodi suka tarar da Gwaggo an sa mata kujera, Mai Fulawa na tsaye kusa da ita yana kaɗa makullin mota. Ya taho da sauri ya buɗe wa Baba ƙofa.

"Sannu da ƙoƙari, Baba! Mota ta dawo wayam, ka gani? Ni a shawarata ma a ƙara na huɗu. Fulawa ba matsala ba ce, ko yanzu ka ce a kawo za a kawo."

Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kana kiwon kifi ne?"

"Kifi kuma? A'a, Baba."

"To ajiye shawararka, ba ta da mai ci."

Ya wuce ciki ya bar shi da baki buɗe. Ya zauna a kan bencin ma'aikata, ya ce a kira masa Manaja.

Auta ta laɓe a bayan kantar.

Manaja ya zo ya durƙusa.

"Baba, kafin ka ce komai, ka yafe mini. Gidanka ne, wutarka ce. Bai kamata in kashe ba tare da izininka ba."

"Bai kamata ba," in ji Baba. "Yanzu amsa mini, kuma in ka ɗauko takarda sai na saɓa maka. Tunda rage aiki ne ke kawo riba, me ya sa ba ka kashe na hantsi ma ba, kowa ya je ya kwanta?"

"Ba ragewa ce ke kawo riba ba, Baba. Na hantsi yana biyan itacensa da fulawarsa da ma'aikatansa, har ya bar saura. In na kashe shi na zubar da wannan sauran. Duk ƙarin da zai kawo fiye da abin da ya ci, a yi shi. Inda ƙari ya fara cin fiye da abin da yake kawowa, nan ake tsayawa."

"Nan ake tsayawa," Baba ya maimaita a hankali. "To kai ka tsaya tun ba ka kai ba."

Manaja ya ɗago kai, Baba ya ci gaba.

"Masu shayin tasha da mai kantin asibiti, ka taɓa zuwa ka tsaya a wurinsu da yamma? Suna biya ba ciniki, ba sa mayar da ko ɗaya, ga su nan kusa. Da ka yanke na ukun gaba ɗaya, har da su ka yanke. Ka ƙara musu nasu a ƙarshen kwaɓin hantsi tun tanderu na da zafi. Ba sabon itace, ba obataim, ba doguwar tafiya. Wannan ƙarin yana biyan kansa ko ba ya biya?"

Manaja ya juya abin a ransa, sai fuskarsa ta washe.

"Yana biya, Baba. Wallahi yana biya. Ban duba ta nan ba."

"Ina za ka duba, kana can kana zana layi."

Ma'aikatan da suka yi cirko-cirko suka fashe da dariya. Baba ya harare su, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Ku kuma da za ku rasa obataim, ban manta da ku ba. Abin da muka ƙwato daga bakin kifi, da rabonku a ciki. Wani ya je ya janye itacen nan."

Gwaggo ta shigo tana gyara mayafi.

"Wai me nake ji haka? Jiya-jiya ka gama rantsuwa a gabana..."

"Yaya, ban rantse ba, faɗa na yi. Wancan yana so in ƙara kwaɓi don buhunsa ya fita. Wannan ya yarda ya rasa aiki, ya rasa yarinyar da yake so, a kan kar ya yi mini ƙarya. Ke a cikinsu wa za ki ba ajiya?"

Gwaggo ta ce ita dai dama ba ta ce yaron mugu ba ne, sanyin jiki kawai ta ce. A waje aka ji tashin motar Mai Fulawa.

"Auta!" Baba ya ƙwala kira. "Fito, ina ganin mayafinki."

Ta fito tana share ido, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Har yanzu shi kike so, da layinsa da komai?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. Kunya da kuka da dariya suka haɗe mata, ta kasa magana, sai kai ta gyaɗa.

"To Allah ya yi muku albarka." Ya juya ga Manaja. "Kai kuma ka riƙe makullinka. Ka gaya wa manyanka ina jiransu."

"Yaushe za su zo, Baba?" in ji Manaja.

Baba ya waiga ya dubi tanderun, inda ake janye itace wutar na lafawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke numfashi.

"Su zo da rana. Yanzu ai ba ni da aiki a lokacin."

Auta ta ji wani nauyi da ta kwana biyu tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta gaba ɗaya. Ta rarrafa ta kifa kai a gwiwar Baba ta saki kukan daɗi, shi kuma ya ɗora mata hannunsa mai ƙamshin hayaƙi a ka, yana faɗin, "Ya isa, ya isa, kar ki sa ni ma in fara a gaban ma'aikata."